Shekarar coci nawa? Yadda ake bin tarihi da kayan gadon ƙananan cocin Katolika a ƙasar Maraɗi

Idan ƙaramin cocin Katolika ya tashi shirya bikin cika shekara 50, gardamar farko takan tashi ne a kan shekarar da za a buga a jikin zanen anko. Wani dattijo ya ce tun yana yaro ake Misa a garin, katikis, wato malamin da ke koyar da addini a coci, ya kawo wata shekara, Fada ya buɗe takardun ofis ya ga wata daban. Galibi duk cikinsu babu mai ƙarya. Kowa wata rana yake ƙirgawa, domin coci irin wannan yana da ranakun haihuwa har huɗu.

Akwai ranar da aka fara yin Misa a garin, wataƙila a zauren wani ma'aikaci ko a ƙarƙashin rumfar zana. Akwai ranar da Fada, wanda a Nijar aka fi kira momper, ya tare ya zauna dindindin, ya daina zuwa ziyara daga wani gari. Akwai ranar da bishop ya sa hannu a takardar kafa paruwas. Sai kuma ranar da aka keɓe ginin kansa. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe ana iya samun shekara 20 ko fiye. A dokar Ikilisiya ta 1983, sashe na 515, paruwas jama'a ce ta masu bi da aka kafa dindindin aka damƙa wa limami, kuma bishop kaɗai ke da ikon kafa ta, ko sauya iyakarta, ko soke ta. Saboda haka a hukumance rana ta uku ce shekarun paruwas. Wanda yake son ya yi bikin ɗaya daga cikin sauran, babu laifi, amma ya rubuta a fili abin da yake tunawa, kada jikoki su zo su tarar da allon siminti yana faɗin abin da takarda ba ta faɗa ba.

Inda cocin suka samo asali

Mishan ɗin Katolika na farko a Nijar an buɗe shi a Yamai a 1931, a hannun Fada François Faroud na ƙungiyar SMA, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856. A 1942 Roma ta ware Yamai a matsayin yankin mishan mai cin gashin kansa. Bayan yaƙin duniya na biyu aikin ya koma hannun limaman ƙungiyar Redamtoris, kuma ɗaya daga cikinsu, Hippolyte Berlier, shi ya zama bishop na farko da aka ɗaga Yamai zuwa diyosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 1961. Maraɗi ba ta samu nata diyosis ba sai ranar 13 ga Maris 2001, da Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, a matsayin bishop na farko. Yankin da aka ba shi ya haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa, wato mafi yawan faɗin ƙasar, alhali Kiristocin Nijar duka ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'a ba.

Wannan jerin shekaru yana da amfani kai tsaye ga mai bincike. Duk wasiƙa, izinin gini ko takardar naɗi da aka rubuta kafin 2001 daga ofishin bishop na Yamai ta fito, don haka can ya kamata a fara neman kwafinta. Rahotannin da limaman farko suka riƙa aikawa gida kuwa suna ma'ajiyar ƙungiyoyinsu a Turai.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne su wa suka cika bencin farko. A ƙasar Maraɗi mishan ɗin SIM na Furotesta ne ya fi shiga ƙauyuka, shi ke da Tsibiri da asibitin kutare na Danja, shi ya buɗe asibitin Galmi da ke jihar Tawa a 1950. Katolikan farko yawancinsu baƙi ne da aiki ya kawo: akawuna, malaman lakwal, ma'aikatan gidan waya da na kamfanonin sayen gyaɗa, 'yan Dahome (Benin ta yau) da Togo da Haute-Volta (Burkina Faso ta yau). Shi ya sa rajistar shekarun 1950 take cike da sunayen bakin teku. Shi ya sa kuma, idan aka ga baftisma ta ragu kwatsam a wajejen 1964, kafin a ce Fada ya yi sanyi a tuna cewa a ƙarshen 1963 Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahome saboda rikicin ƙasashen biyu a kan tsibirin Lete. A cikin birnin Maraɗi kansa akwai wata iyakar: ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa aka tashi garin daga kwari aka mai da shi tudu, don haka ginin da ke sabon gari bai girmi wannan shekara ba, ko da labarin jama'arsa ya girme ta.

Rajista

Nan ne jijiyar maganar take. Tun babban taron Ikilisiya na Trento a 1563 aka wajabta wa kowace paruwas rubuta baftisma da aure, littafin ibada na Roma na 1614 ya ƙara na mutuwa. Sashe na 535 na dokar yanzu ya nanata waɗannan ukun, ya kuma ce a adana tsofaffin littattafai da kyau, kowace paruwas ta mallaki hatiminta.

Rajistar baftisma ita ce uwa. Sashe na 877 ya lissafa abin da za a rubuta: sunan wanda aka yi wa, sunan wanda ya yi, iyaye, iyayen baftisma, wuri da rana, da wurin haihuwa da ranarta. A gefen kowane layi akwai fili da ake bari. A nan ake ƙara bayanin ƙarfafawa (ibadar shafa mai da ke tabbatar da mai bi bayan baftisma), da aure, da naɗin limanci ko alkawarin zama sista, ko da a wata ƙasa aka yi su. Mutumin da aka yi wa baftisma a wani ƙaramin gari na jihar Maraɗi, ya je ya yi aure a Kwatano, dole paruwas ɗin can ta aiko da sanarwa a rubuta a gefen sunansa a nan. Mai karanta gefen shafi da natsuwa zai ga inda jama'ar coci suka watsu cikin shekara 40 ba tare da ya tambayi kowa ba.

Matsalolin da ake cin karo da su kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mutum ɗaya yakan fito da suna uku: Petrus a tsohon littafin da aka cika da Latin, Pierre a na Faransanci, Bitrus a bakin mutanen gari. Haka Ioannes da Jean da Yohanna. Sunan gida kuma an rubuta shi da kunnen Bafaranshe: Tchima a madadin Cima, Ousseini a madadin Husaini, Dan Ladi wani lokaci a haɗe wani lokaci a rabe. Shekarar haihuwa sau da yawa kintace ce, irin wadda ake rubuta «né vers 1948», wato an haife shi wajejen 1948, don haka kada a ɗora gini a kanta. Ranar baftisma ce abin dogaro, domin ita an rubuta ta a ranar ko a makon.

Sai batun ƙananan cocin ƙauye da ba su da Fada zaunanne. Irin waɗannan ba su da rajistar kansu. Abin da aka yi a can ana shigar da shi ne a littafin paruwas ɗin da ke kula da su a wannan shekarar, kuma iyakoki sun sha canzawa. Mutum ya zo neman takardar baftisma a ce masa babu, alhali sunansa na kwance a littafin wani gari mai nisan kilomita 100. Akwai kuma baftismar gaggawa da katikis ko sista suka yi wa jariri a bakin mutuwa. Sau da yawa a ɗan littafin aljihu aka rubuta ta da niyyar a kwafe daga baya, aka manta. Duk inda aka tsinci irin wannan ɗan littafi, a riƙe shi kamar rajista.

Idan an gano kuskure, ba a kankarewa, ba a shafa farin ruwan goge rubutu. Ana jan layi ɗaya siriri yadda tsohon rubutun zai ci gaba da karantuwa, a rubuta gyaran a gefe da rana da sa hannu, babban gyara kamar canjin suna kuwa sai da izinin ofishin bishop.

Akwai wani littafin da doka ba ta wajabta ba amma ya fi kowanne daɗin karatu: littafin kullum da limaman mishan suke rubutawa, wanda suke kira diyer. A ciki ake samun ranar da aka sayi buhun siminti na farko, ranar da iska ta yaye kwano, wanda ya ba da fili, da shekarar da ƙyanda ta shiga gari. Ra'ayin mutum ɗaya ne, baƙo kuma, wani lokaci da raini a alƙalaminsa. A ɗauki ranakunsa da lissafinsa, a auna hukuncinsa a kan mutane.

Abin da ke cin takarda a nan

Gara ce ta farko. Tana hawowa ta tsagar daɓe ko ta bayan kabad ɗin katako da aka manna da bango, ta cinye cikin littafi ta bar bangonsa lafiya lau, sai ranar da aka ɗauka a ji shi sakayau. Maganinta kabad na ƙarfe, a ɗora shi a kan bulo ya tashi daga ƙasa kamar santimita 15 zuwa 20, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, a riƙa leƙa ƙarƙashinsa kowane wata, musamman daga Yuni zuwa Oktoba.

Na biyu shi ne sauyin yanayi. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, takarda ta bushe ta yi ƙaras-ƙaras. A watan Agusta ta sha laima. Mutane da kyakkyawar niyya sukan ƙulle littafi a leda don ƙurar hunturu, damina ta zo ledar ta riƙe gumi, littafin ya yi funfuna, shafuka su manne. Farin ƙyallen auduga da aka wanke ya fi leda. Salatif kuma annoba ce: bayan 'yan shekaru ɗankonsa ya narke ya bar tabo mai ruwan ƙasa a daidai kan sunan da aka so a ceta. Shafin da ya yage a sa shi cikin farar takarda a naɗe, a bar shi haka. Ƙusar ƙarfe da fil ɗin maƙala takarda a cire su, tsatsarsu na huda shafi. Sabon rubutu kuwa a yi shi da baƙin tawada mai ɗorewa, domin jan biro da shuɗi mai arha suna dusashewa.

Na uku wuta. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai. Gini ana sake ɗaga shi, kuma an ɗaga. Littafin da kwafinsa ɗaya ne a duniya in ya ƙone ya tafi ke nan. Al'adar da aka gada daga Faransa ita ce a cika rajista biyu, ɗaya ta zauna a paruwas, ɗaya a kai ofishin bishop. Inda aka yi sakaci da wannan, wayar hannu ta isa ta cike giɓin: a shimfiɗa littafin a inuwa da safe, ba filasha, a ɗauki bango da shafin farko, sannan kowane shafi bi da bi har da waɗanda babu rubutu, a tabbatar gefen shafi ya fito. A ajiye hotunan wuri biyu da ba gari ɗaya ba. Sai dai a kiyaye, rajista na ɗauke da sirrin mutane, wa aka haifa kafin aure, wa ya bar addinin iyayensa. Ba abin sakawa a Facebook ko WhatsApp ba ne. Mai neman shaidarsa takarda mai hatimi ake ba shi, ba a miƙa masa littafin.

Karanta ginin

Shiga cocin da rana tsaka lokacin da babu kowa, ka dubi bango a tsayin da ya ɗara kai kaɗan. In ka ga ƙananan gicciye 12, ko 4, da ɗan maƙalin kyandir a ƙarƙashin kowanne, an keɓe ginin da cikakkiyar ibada, nan ne wuraren da bishop ya shafa mai. In babu su, wataƙila albarka kawai aka sa masa, kamar yadda ake yi wa ginin da ake sa ran za a sauya. Sunan da aka ba coci ranar keɓewa ba ya canzuwa, in ji sashe na 1218. Babban cocin Maraɗi sunan Maryamu ta Lurdu yake ɗauke da shi, wadda ake bikinta ranar 11 ga Fabrairu. Sunan ƙaramin coci yakan nuna ƙungiyar da ta kafa shi ko ranar da aka buɗe shi, don haka a tambayi dalilinsa.

Bagade shi ma yana ba da shekara. Kafin babban taron Batikan na biyu, 1962 zuwa 1965, bagade na manne da bangon gaba, Fada na juya wa jama'a baya, addu'a da Latin. Bayan taron aka jawo shi tsakiya, aka shigo da Faransanci da Hausa. Cocin da ya girmi wannan sauyi yakan bar alama: tabon tsohon bagade a bango, ko ramukan da aka cike a daɓe inda shingen karɓar Jibin Ubangiji yake a da. A ɗaga ƙyallen bagade a duba. Idan akwai ɗan dutse mai kusurwa huɗu, kamar faɗin littafi, da gicciye biyar a sassaƙe, dutsen bagade ne na tsohon tsari, a cikinsa akwai ɗan rami da aka rufe da abin tunawa na wani waliyyi. Sau da yawa shi ne abu mafi tsufa a duk harabar, domin a jaka aka zo da shi tun kafin a yi gini. An sha jefar da irinsa a tarkace lokacin gyara saboda magini bai san ko mene ne ba.

Ƙararrawa, in ta tagulla ce, a hau a karanta jikinta, akan zuba shekara da sunan maƙera. Gamin jan ƙarfe ne kusan kashi 78 da kuza kashi 22, yana da amo amma yana da gautsi. In igiya ta tsinke aka koma dukanta da guduma daga waje, tsagewa za ta yi, mai walda na bakin kasuwa kuma ba ya iya mai da mata murya. Cocin da bai taɓa samun tagulla ba, ƙarfen ƙafar babbar mota da aka rataye a bedi shi ne ƙararrawarsa, irin na lakwal. Shi ma kayan tarihi ne, kada a sayar wa 'yan gwangwan ranar da aka samu sabuwa.

Ginin da kansa ruwa ne babban abokin gabansa, duk da cewa abin da ke sauka a Maraɗi a shekara bai fi wajen milimita 500 ba. A 'yan makonni yake zubowa, da iska. Tsofaffin coci da yawa tubalin laka ne aka yi wa yaɓen siminti daga baya don a ce an zamanantar. Laka na numfashi, siminti ba ya yi. Ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, lakar ta jiƙe a ɓoye, wata rana yaɓen ya ɓallo falle guda. A ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa: inda ya yi amon ganga, ya riga ya rabu. Bangon laka yaɓen laka yake so, ana sabunta shi kafin damina. Bakin kwano ya zarce bango da aƙalla rabin mita, indararo ya zubar nesa da gindi, ƙasar da ke kewaye ta gangara waje. Farin gishirin da ke fitowa a gindin bango alamar laima ce daga ƙasa, fenti ba ya maganinta.

Kafin hadarin farko na Mayu a hau rufi a duba ƙusoshi da wayar da ta ɗaure katako da bango, don iskar farkon damina ta gefe take kamawa ta naɗe kwanon kamar tabarma. Azarar giginya gara ba ta cika damunta ba, farin katakon kasuwa kuwa abincinta ne. Tsaga a bango ba a gaggauta toshe ta: a ja alama da fensir a ƙarshenta, a rubuta rana, a dawo bayan damina. In ta wuce alamar, matsalar a tushe take, kuma sau da yawa saiwar bedin da aka dasa dab da bango ce.

Fili da bakin dattawa

Yawancin filayen mishan kyauta ce ta baki daga sarki ko mai gari, lokacin da wurin yake bayan gari. Yau gari ya zagaye shi, jikokin mai kyauta sun san kuɗin fuloti. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaida. A nemi takardar da ke akwai, a duba sunan wa ke kanta, a tabbatar iyakar da ta faɗa ita ce a ƙasa. Maƙabarta ma a zana taswirarta, kabari bi da bi, domin sunan da aka rubuta da ƙusa a ɗanyen siminti shekara 30 ta isa ta shafe shi.

Sauran labarin yana bakin mutane, kuma ba 'yan coci kaɗai ba. Tsohon mai gadi, maginin da ya ɗora rufi, Alhajin da ya yi firamare a lakwal ɗin mishan, duk suna riƙe da wani yanki. Dattijo ba a tambayarsa shekara da lamba. Sai a ce, «Baba, da aka ɗora kwanon nan, Diori ke mulki ko Kunce?» In ya ce Kunce bai daɗe da hawa ba, ka san bayan Afrilun 1974 ne. Ko a ce, «Inna, kafin El-Buhari kuka fara waƙa da Hausa ko bayanta?», yunwar 1984 ke nan. Matan zumunta da 'yan kwaya su ne ma'ajiyar waƙoƙi, da yawa ba a taɓa rubuta su ba, wasu katikis ɗin garin ne ya ɗora su a kan karin waƙar daka ko ta noma. A naɗi muryarsu, a rubuta wanda ya rera da wanda ya koya masa. A zauna da kowa shi kaɗai kafin a tara su, don a taro maganar mai ƙarfin murya ce takan danne ta sauran.

Lokacin da kaya suka fi salwanta shi ne ranar canjin Fada. Sashe na 1283 ya ce kafin sabon mai kula ya kama aiki a rubuta cikakken lissafin dukiya, na motsi da na girke, da bayanin kowanne, a sa hannu, kwafi ɗaya a paruwas ɗaya a ofishin bishop. A aikace sau da yawa mabuɗai kawai ake miƙawa a tsaitsaye, mota na jira. Lissafin da zai yi amfani shi ne wanda ya faɗi adadin littattafan rajista da shekarun da kowanne ya ƙunsa, ƙoƙon Misa nawa da abin da aka zana a gindinsu, inda dutsen bagade yake, da hoton kowane abu a manne. Mutum biyu daga kwamitin kuɗi na paruwas su tsaya a ƙirga a gabansu, su ma su sa hannu, domin su ne za su rage a garin bayan an sake yi wa sabon Fadan canji.